Shekarun Ƙarfen Aski na Gado: Darasin Tarihi Daga Gagarawa

Idan dattijo ya rasu a ƙasar Gumel, aka zo rabon gado, gona da gida da dabbobi su ne abin da malamin rabo yake mai da hankali a kai. Amma bayan an watse, akwai wata adaka ko akwatin ƙarfe da akan jawo daga ƙarƙashin gado, a buɗe a gaban 'ya'ya. A ciki akan sami tsohuwar takardar haraji, da anini mai huda, da carbi, wani lokaci kuma da wani ɗan ƙarfe mai ƙota wanda tsawonsa bai wuce na yatsa ba, watau ƙarfen aski irin wanda ake ɗaura wa reza mai baki biyu. Ba shi da wani kuɗi na a zo a gani, saboda haka magada sukan yafe wa ɗayansu. Sai dai da wuya ya zo hannun magaji ba tare da labari ba. Wani gida a ce kaka ne ya zo da shi daga Yaƙin Bama, wani gida a ce kyautar Bature ce, wani kuma a ce tsarabar Makka ce. Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba yadda za a gane shekarun irin wannan ƙarfe, da kuma abin da ya kamata a yi idan shaidar da ke jikinsa ta saɓa wa labarin da ke bakin mutanen gida.

Asalin ƙarfen

Aski ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan Turawa akwai wanzamai da zabirarsu da askarsu ta ƙirar maƙeran gida, suna aski da ƙaho da kaciya da cire belun-wuya, har da sarautarsu ta Sarkin Aska. Abin da ya zo daga waje shi ne mutum ya aske kansa da kansa, da reza wadda ba a wasawa, in ta dakushe a yar.

An yi ta gwada sanya wa aska kariya a Faransa da Amurka tun da daɗewa, amma wanda ya kawo ƙirar da ta game duniya shi ne King Camp Gillette, wani ɗan tallan kaya Ba'amurke. Dabarar ta zo masa a 1895, ya yi shekaru yana neman wanda zai iya ƙera masa ƙarfe mai kauri kamar takarda wanda kuma zai riƙe kaifi, har ya gamu da wani injiniya, William Nickerson. Suka kafa kamfani a birnin Boston a 1901. A shekarar 1903, watau shekarar da Turawa suka ci Kano, Sarkin Gumel Ahmadu kuma ya karɓe su ba tare da yaƙi ba, abin da kamfanin ya sayar duka bai wuce ƙarfen aski 51 da reza 168 ba. Ran 15 ga Nuwamba 1904 Gwamnatin Amurka ta ba shi takardar mallakar wannan fasaha.

Wannan shi ne ma'auni na farko, kuma yana da amfani fiye da yadda ake zato. Duk ƙarfen da ke cin reza mai baki biyu ba zai girmi 1903 ba. Saboda haka idan aka ji gida yana cewa nasu tun zamanin yaƙe-yaƙen Gumel da Damagaram yake, to an haɗa labarin wani abu da wani. Abin da ya yaɗa ƙarfen a duniya kuwa yaƙi ne: a 1918 rundunar Amurka ta raba wa sojojinta kimanin miliyan uku da rabi, suka koma gida da al'adar.

Hanyar da ya biyo

Sanin shekarar da aka ƙera abu daban, sanin shekarar da zai iya isowa Gagarawa kuma daban. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a shekarun da suka biyo baya. Amma layin dogon da ya tashi daga Kano ya bi ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori bai kai Nguru ba sai 1930, a zamanin Sarkin Gumel Muhammadu na Kota, wanda ya yi sarauta daga 1915 zuwa 1944. Layin bai shiga birnin Gumel ba. Gagarawa ce ta zama ƙofar masarautar ga jirgi, shi ya sa har aka sami Gagarawa Gari da Gagarawa Tasha. Jirgin da ya kwashi buhunan gyaɗa zuwa kudu shi ne yake dawowa da atamfa da kananzir da sabulu da ashana da sauran kayan koli, waɗanda kamfanonin Turawa irin su U.A.C., wanda aka kafa a 1929, da John Holt da G.B. Ollivant da C.F.A.O. suke shigowa da su, 'yan koli kuma su rarraba su kasuwa kasuwa, har Maigatari a bakin iyaka.

Ba a ce ƙarfen aski ba zai shigo ƙasar kafin 1930 ba, domin fatake suna zuwa Kano da jakuna da raƙuma, Joji da Di'o kuma suna yawon rangadi da kayansu. Amma hankali ya fi karkata ga cewa yawancin waɗanda ke cikin adakokin mutane bayan buɗe tasha suka zo.

Akwai kuma tambayar wane ne zai saye shi. Manomi da malamin zaure ba su da bukata: wanzami yana aske kai, gemu kuwa sunna ce a bar shi. Reza tsirararta ta shiga ko'ina, ana yanke farce da ita, ana fiƙe alƙalami, ungozoma ma takan yanke cibiya da ita, har sunayen irin su Nacet mai hoton kada da Tiger suka zauna a bakin mutane. Amma ƙarfen da ake ɗaura ta a kai kayan wasu rukunin mutane ne: soja, da ɗan sanda, da ɗan doka, da akawun gyaɗa, da ma'aikacin reluwe, da malamin makarantar boko, da ma'aikacin En'e. Watau ƙarfen da kansa ya riga ya faɗi wani abu game da mai shi tun ba a juya shi ba.

Abin da ke jikin ƙarfen

Abu na farko da za a nema shi ne sunan kamfani da na ƙasar da ta ƙera, waɗanda akan buga a ƙarƙashin kan ƙarfen. Sunan ƙasa shi kaɗai yakan yanke magana, domin ƙasashe ma suna da ranar haihuwa da ta mutuwa. Abin da aka rubuta wa West Germany tsakanin 1949 da 1990 yake. Wanda aka rubuta wa Occupied Japan bai wuce 1952 ba, kuma bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka yi shi. Czechoslovakia ta rabu biyu a ƙarshen 1992, Tarayyar Sobiyat kuma ta rushe a 1991. Tambarin Gillette mai siffar lu'ulu'u da kibiya ta ratsa sunan a 1908 ya fito.

Na biyu shi ne ƙira, kuma a nan ne ya kamata a daɗe. Ƙarfen farko gida uku ne: murfi, da faranti mai haƙora kamar na matsefi, da ƙota wadda ake murɗawa ta haɗe su. Rezar wancan zamani huda uku gare ta, saboda haka murfin yana da ƙusa a tsakiya da 'yan turaku biyu a gefe. Da wa'adin takardar mallaka ya ƙare a 1921, kowane kamfani ya sami damar yin irinsa, Gillette kuma ya fito da wata ƙira da ya gyara. Daga 1904 zuwa wajen 1929 masu tsada daga cikinsu suna ɗauke da lambar jeri, wadda masu tara irin waɗannan kaya suka riga suka daidaita da shekaru. A wajen 1930 aka sami babban canji. Wani abokin hamayya, Henry Gaisman, mai kamfanin AutoStrop, ya yi rajistar reza mai doguwar tsaga a tsakiya, rigima ta tashi tsakanin kamfanonin biyu, ta ƙare da haɗewarsu a 1930. Tun daga nan reza ta ɗauki siffar da aka san ta da ita. Saboda haka ƙarfen da ke da ɗan tudu dogo wanda ke shiga tsagar reza bai girmi wannan lokaci ba. A 1934 aka fito da mai gida ɗaya, wanda in an murɗa gindin ƙota sai kansa ya buɗe biyu kamar ƙyauren taga. A wajen 1938 kuma aka fito da wanda ake kira Tech, mai arha, wanda aka maye haƙoransa da sanda miƙaƙƙiya. Ya daɗe ana yin sa, kuma miliyoyi aka yi. Wanda ake kira Super Speed ya fito a 1947, aka buɗa gindin ƙotarsa kamar bakin algaita a 1954, aka mai da ƙotar baƙa a 1966. Masu lamba 1 zuwa 9 a wuya, waɗanda ake juyawa a ƙara ko a rage cin reza, daga 1958 suka yaɗu.

Na uku shi ne harafin shekara. Daga 1951 masana'antar Boston ta riƙa buga harafi ɗaya a gefe guda na ƙarƙashin faranti, da lamba ɗaya a ɗaya gefen. Harafin shekara yake nufi, lambar kuma rubu'in shekara: 1 daga Janairu zuwa Maris, 2 daga Afrilu zuwa Yuni, haka har 4. Harafin W shi ne 1951, X 1952, Y 1953, Z 1954, sa'an nan aka koma A a 1955. Daga nan F ta faɗo a 1960, K a 1965, P a 1970. Ba a amfani da Q, saboda haka R ce 1971, Z kuma ta sake zagayowa a 1979, A a 1980. Tun da haruffan 25 ne, kowanne yana dawowa bayan shekara 25, kuma nan ne mai gaggawa yake faɗawa rami: A tana iya zama 1955, tana iya zama 1980. Ƙira ce take raba gardama, domin ƙarfen 1955 da na 1980 ba su yi kama ba. Tsakanin 1930 da 1950 kuwa, a jikin reza ake buga harafin, ƙarfen ba a sa masa kome ba.

To, amma a nan ne aski ya zo gaban goshi. Wannan tsari mai sauƙi na ƙirar Amurka ne, alhali Nijeriya kasuwar Ingila ce. Gillette yana da babbar masana'anta a yammacin Landan, a kan titin Great West Road, wadda aka buɗe a 1937, ta yi aiki har 2006, kuma yawancin abin da ta ƙera a shekarun mulkin mallaka ba shi da harafin shekara. Abin da akan samu shi ne Made in England, wani lokaci da lambar takardar mallaka ta Ingila. Lambar tana da amfani, domin a jere ake ba da su, ana iya gano shekarar kowace. Amma abin da take faɗa shi ne ba a yi ƙarfen kafin wannan shekara ba. Ba ta hana a ce an yi shi shekara goma bayanta.

Idan rubutu ya ƙare sai a koma ga jikin ƙarfen. Na da tagulla ne mai nauyi wanda aka shayar da ruwan nikel ko na azurfa ko na zinariya, in ya goge sai rawaya ta bayyana, mayen ƙarfe kuma ba ya kama shi. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu tagulla ta tafi wajen yin harsashi, aka koma yin wasu da baƙin ƙarfe da wata irin roba mai tauri, Bakelite. Daga baya sanholo da tutiya da robar zamani suka shigo. Wanda ya yi ƙuraje ya fara marmashewa, galibi tutiya ce, kuma alamar ƙuruciya ce ba ta tsufa ba. Wannan ya saɓa wa abin da ido yake ɗauka, domin tsohon tagulla na 1930 yakan fi na tutiya na 1970 kyan gani.

Kwali ko gidan da ƙarfen ya zo a ciki shi ma shaida ne, ko da yake mai rauni. Farashi da sule da kwabo na nuna kafin Fabrairu 1971 in na Ingila ne, ko kafin 1 ga Janairu 1973 in na Nijeriya ne, ranar da naira ta maye gurbin fam. Rezar da aka rubuta wa Stainless ta fi yiwuwa ta bayan 1962 ce, shekarar da Wilkinson Sword ya cika kasuwa da rezar da ba ta tsatsa. Sai dai rezar da aka tarar a ciki ranar askin ƙarshe take nunawa, ba ranar saye ba. Haka kuma gida yakan ɓace a sa ƙarfe a na wani, ƙota takan karye a ɗaura ta wani, tun da murɗinsu yakan dace da juna. Dole a auna kai daban, ƙota daban, gida daban.

Idan ƙarfe ya saɓa wa labari

A ɗauka, alal misali, wani gida a Gagarawa Tasha sun gaji ƙarfen aski, suna cewa kakansu ya zo da shi daga Bama. Labarin ba abin mamaki ba ne. Runduna ta 81 da ta 82 ta sojojin Afirka ta Yamma sun yi yaƙi da Japan a kwarin Kaladan da yankin Arakan a 1944 da 1945, da yawansu kuma 'yan Arewacin Nijeriya ne, Hausa ce ma harshen bariki. Sunayen wuraren da suka yi fama har an sa wa barikoki, kamar Myohaung da Arakan a Ikko. Yawancinsu sun dawo gida a 1946.

Aka juya ƙarfen sai aka ga Made in U.S.A., kansa yana buɗewa biyu, ƙotarsa fara mai buɗaɗɗen gindi, ga B a gefe guda, ga 2 a ɗaya gefen. B tana iya zama 1956 ko 1981. Farar ƙota ta kore 1981. Watau an ƙera shi tsakanin Afrilu da Yuni na 1956, shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo Kaduna da Kano, shekara goma bayan dawowar mazan Bama. Wannan ƙarfe bai taɓa ganin Bama ba, kuma babu yadda za a lanƙwasa harafin ya ce ya gani.

Amma kuskure ne babba a tashi daga nan a ce kakan bai je yaƙi ba, ko mutanen gida maƙaryata ne. Ƙarfe shekarunsa kawai ya faɗa. Abin da ya fi yiwuwa shi ne tsohon soja ya koyi aske haɓa a bariki, ya dawo da wani ƙarfe, wancan ya lalace ko ya ɓace, ya sayi wani, yara kuma suka tashi suna ganin ƙarfen askin Baba na soja. Labari ya sauka daga kan abu ɗaya ya hau kan magajinsa. Masu nazarin tarihin baka sun san wannan hali sarai, domin haka yake faruwa ga takubba da tambura da alkyabbu a gidajen sarauta: a sake fata, a sake ƙota, suna yana nan. Maganar zuwa yaƙi kuwa da wasu shaidu ake tabbatar da ita, kamar littafin sallama daga soja, da lambar aiki, da lambar girma ta Burma Star wadda aka ba waɗanda suka yi aiki a can tsakanin Disamba 1941 da Satumba 1945. Har ila yau, sabuwar tambaya ta taso wadda da ba a yi ta ba: ta ina ƙirar Amurka ta biyo ta zo tashar gyaɗa a ƙasar da Ingila ke mulki? Ko ta hannun alhaji, ko ta kantin Kwara a Kano, ko ta wajen malaman Amurka na Peace Corps da suka fara zuwa Nijeriya a 1961, kowace amsa tana buɗe wani babi na rayuwar mutumin.

Da a ce Made in England aka gani, gida uku, sanda a madadin haƙora, babu harafi, to da hukuncin ya zama wani. Iyakar abin da za a ce shi ne bai girmi 1938 ba, kuma babu abin da ya hana ya kasance a jakar soja a 1945. Bai tabbatar da labarin ba, bai kuma rushe shi ba. Idan aka yi sa'a aka ga alamar kibiya mai ƙafa uku wadda Ma'aikatar Yaƙi ta Ingila take bugawa a kayanta, sau da yawa tare da shekara, to labarin gida ya sami gindin zama.

Tambayar tsofaffi ita ma tana da ƙa'ida. Ba a ce wa tsohuwa a wace shekara, domin ba da lamba take riƙe lokaci ba. A tambaye ta ko ƙarfen yana gidan sa'ad da aka kawo ta amarya, ko kafin rasuwar Sarki Muhammadu na Kota ne, ko bayan samun mulkin kai a 1960, ko lokacin yaƙin basasa, ko kafin canjin hannu na 1972, ko bayan farin 1973 wanda shi da cutar gyaɗa ta 1975 suka durƙusar da cinikin da ya raya tashar. A tambayi mutum biyu ko uku, kowa shi kaɗai, kuma kada a fara gaya musu abin da harafin ya nuna, don kada su gyara tunaninsu ya dace da shi. Wanda ya sami hali ya leƙa Gidan Ajiye Takardun Tarihi na Kaduna ko Gidan Arewa, ya bi tallace-tallacen kamfanoni a tsofaffin jaridu irin su Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Janairu 1939, ya ga lokacin da kowane irin kaya ya fara neman kasuwa a wajen mai karanta Hausa.

Harafin da duk wannan bincike ya rataya a kansa bai fi ƙwayar gero girma ba, kuma bugun ba shi da zurfi. Magaji mai son ya ga kayan kakansa yana ƙyalli yakan sa toka ko yashi ko soson ƙarfe ya dirje shi, ruwan nikel ya tafi, harafin ya bi shi. Ruwan ɗumi da sabulu da tsohon buroshin haƙori sun isa. Kafin ma a jiƙa shi, a kwance shi gida gida, a ɗauki hoton kowane gefe da rana, a rubuta duk abin da aka gani a takarda, a haɗa da sunan wanda ya ba da labari da ranar da ya bayar, a mai da takardar cikin adakar tare da ƙarfen.